Wanda Ya Daina Zuwa Asibitin Ido

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Yaya ciwon bayan nan naka?

Ka san aikina a asibitin ido, ni ke kula da bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Da, in muna neman waɗanda suka daina zuwa, da hannu ake rubuta kwanan wata, kuma sai a manta ba a sauya ba, mutane su yi ta zillewa. Sai na gyara umarnin da ake ba na'urar: kwamfuta ta duba yau, ta koma baya wata shida, ta fito da duk wanda zuwansa na ƙarshe ya riga wannan ranar. Kullum da safe ita ke matsar da iyakar da kanta.

Ran Litinin sunaye suka fito, ina dubawa sai ga wanda muka sani. Baba Tela ne, na bakin layinmu na da, wanda ke ɗinka mana kayan makaranta. Yanar ido ke damunsa, an sa masa ranar aiki bai zo ba. Na kira lambarsa, a kashe.

Da aka tashi na je da kaina. Yaya, shagon ya zama wurin cajin waya. Bencin da kake zama kana roƙonsa kwarkwaron zare mu yi mota, babu shi. Na sami Baba Tela a ɗakin baya, keken ɗinkin a lulluɓe da zane. 'Yarsa da ke kawo shi ta yi aure ta tafi, shi kuma yana tsoron titi. Daga sallamata ya ce wannan muryar Auta ce, mai kuka in an zo gwajin kaya.

Na yi alkawarin ni zan riƙa kai shi. Ka sa mu a addu'a, likita ya ce idon hagun ya yi nisa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, na gode.

An yi aikin. Na hagun bai dawo ba, amma na daman ya buɗe. Da aka cire bandejin ina tsaye a gabansa, ya daɗe yana kallona, sai ya sunkuyar da kai ya fara gaishe ni da ladabi. Wai ya ɗauka marigayiya Inna ce. Ni kam fita na yi, na sha kukana a bayan ɗakin magani.

Da na dawo har ya soma faɗa, wai wa ya ɗinka min wannan riga, kafaɗar a karkace take.

Na gaya masa ka yi furfura, ya ce ƙarya nake, yaron da ko wando bai iya ɗaurewa ba. Don Allah ka aiko hotonka cikin makon nan, kuma kada ka sa hula.

Ka gaida min kowa.

Ƙanwarka,
Auta