Littafin Awon Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da Baban yara da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai maigidan da yake fama da tari, ya kuma ƙi barin ruwan sanyi, kin dai san halinsa. Shago ma alhamdulillahi, ɗinki ya yi yawa, amma yau kwana tara ban gama ko riga ɗaya ba. In na zauna a kan keke sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da ya tashe ni. Jiya hannun riga biyu na yanka, duk na dama. Shi ya sa na ce bari in rubuto, don a waya ba kya bari mutum ya kai aya.

Maganar 'yata Auta ce. Kin san bana shekararta biyar da aure, shiru, ban da ɓarin nan na wata biyu. Watan jiya mijinta ya lallaɓa ta suka je asibiti, ni ma na bi su. Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta sa aka gwada su duka biyun, aka ɗora Auta a sikeli, aka auna jininta. Ta ce ba ta ɗora laifin duka a kan abu guda ba, amma nauyin jikin Auta ya wuce kima, kuma ƙiba irin wannan tana iya rikita al'ada ta hana ƙwai fita a kan lokaci. Ta ce ko cikin ya shiga, akwai tsoron hawan jini da ciwon suga, ga shi nata jinin ya riga ya fara hawa. Mijin ma bai tsira ba, ta nuna tumbinsa da biro ta ce shi ma da sauran aiki. Sai ta tambayi Auta yaushe jikin ya fara ƙaruwa, don ta gwada da lokacin da al'adar ta fara tsallake wata. Auta ta ce ai kwanan nan ne, bai fi shekara ba, don rigunanta na farkon aure har yanzu suna shigarta. Ta juyo gare ni ta ce ga mai ɗinkinta nan, a tambaye ta. Yaya, na ce haka ne. Da bakina na ce haka ne.

Ba haka ba ne. Tun wata shida da aurenta ta zo awo, ƙugunta ya ƙaru da inci biyu, na faɗa mata da dariya, sai ta fashe da kuka wai dangin miji sun fara yi mata tsiya. Daga ranar na daina faɗin lamba. In na zagaya mata tef sai in danne wurin da babban yatsa in ce yana nan yadda yake, in ta fita in rubuta na gaskiya a littafin awo. Duk ɗinkin da zan yi mata sai in bar yadi mai yawa a naɗe ta ciki. In ta kawo tsofaffin riguna wai zif ya lalace, sai in farke gefe in buɗa, in goge in ninke, ba ta taɓa lura ba. Wata rigar sau uku na buɗa ta, har da ƙara ƙyalle a hammata daga ragowar yadin da na ɓoye. Ita kuma ga aikin ofis, zama daga safe har yamma, ga lemon kwalba, ga ni ina aika mata da kular abinci a cike duk ranar hutu. Kuma kar ki ce komai, ke ce mai cewa jikinmu ne na gado, mace sai da jiki. Ni ina ganin ina raba 'yata da baƙin ciki ne, wallahi har daɗi nake ji wai na iya hannu.

Da muka dawo na kasa zaune na kasa tsaye. Sati biyu ina ɗauko littafin daga ƙarƙashin teburin yanka ina mayarwa. Ran nan dai na rufe shago da rana tsaka, na shiga mota na je gidanta. Na same ta a kicin, na buɗe mata shafinta a kan tebur. Kwanan wata na nan, lambobi na nan a jere da rubutuna, inci goma sha ɗaya a shekara huɗu da rabi. Ta bi su da yatsa har ƙasa, ta koma sama. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta rufe littafin ta ce, “Mama, duk maganin da na sha, duk inda na je neman haihuwa, kina kallona, amsar tana ƙarƙashin teburinki?” Na ce likita ma ba ta ce ita ce amsar duka ba. Ta ce in tafi gida, za ta neme ni, na baro mata littafin a kan tebur.

Kwana tara ke nan ba ta neme ni ba. Fushin bai dame ni kamar abin da mijinta ya gaya mini shekaranjiya ba. Wai ta daina cin abinci sai ruwan zafi, ta sayo wani shayin rage ƙiba a wajen wata abokiyar aikinta, har jiri ya ɗebe ta a matakalar ofis. Alhali a gabana likita ta ce kar ta kuskura ta yi haka, yunwa ma tana tsayar da al'ada, ramammu da yawa suna zuwa da irin kukanta. Abin da ta ce shi ne a rage kaɗan kaɗan, a ci abinci mai kyau, a riƙa tafiya da ƙafa kullum ita da mijin, ko ɗan abin da ya sauka yana taimakawa. Ranar Talata ta sama za su koma, ita kuwa ta ce ba ta sake hawa sikelin kowa sai jikinta ya zube.

To Yaya, ke kika goye ta tana ƙarama, maganarki take ji. Ki kira ta da zarar kin karanta wannan, kar ki jira sai kin gama aiki. Ki ce ta zubar da shayin nan, ta ci abinci, ta je ranar Talata, ta tafi da littafin ta ba likita. Kar ki tambaye ta ko da labari, kar ki ce jikin gado ne.

Ki gaishe mini da Baban yara, da Goggo, da 'yan biyunki da mazajensu, da amaryar ɗanki da ban gani ba tukuna. Maigidan yana gaishe ku, bai san komai ba, ki bar shi haka.

Abu na ƙarshe, in ta fara faɗin laifina kar ki kare ni, ki bar ta ta faɗa, gaskiya ce. In ta ce ta canza tela ma ki ce ta kyauta. Ni dai ta je asibitin nan, ko da ba za ta sake taka shagona ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki