Shago Cike da Taki, Babu Gishiri

Assalamu alaikum Yaya Lawali,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya zaman Ibadan, yaya ciwon ƙafar nan taka? Ina fatan Hadiza da yara suna lahiya. Mu nan Sabon Birni sai godiya, amma Yaya, barci ya ƙaurace mini.

Shagon da ka bar mini yana mutuwa a hannuna. Da bazara na ga hanya ba lahiya, na ce bari in yi sari sau guda in huta. Na tuna bara taki da maganin feshi sun ƙare muna tun ruwan fari, sai na zuba jarin duka a kansu. Bana kuwa tsoron 'yan bindiga ya hana masu sayen takinmu, mutanen ƙauyen Gangara, shiga gonakin nesa. Ga buhuna har rufi, taki ya sha danshi yana dunƙulewa. Masu zuwa gishiri suke nema, da sabulu da ashana, ni ko ba ni da su. Tun ina cewa sai gobe, har sun bar tambaya.

Don Allah hwaɗa mini: in karyar da takin ga 'yan Nijar, ko in jira? Abin da ka ce shi za ni yi.

Ka gaida Kawu Isiya, ku sa mu addu'a. Jiya na ga matata Rabi ta zagaya bayan shagonmu, ta sawo gishirin miyarmu wajen maƙwabci, ta ɓoye cikin mayafi don kada in gani. Na gani, Yaya.

Ƙanenka,
Bashiru