Ruwan Aro Muka Ba Ka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ayarin da ya zo duba ruwan sha da ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, ina gaida iyalinka da mutanen da kuka zo tare. Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ban riƙe sunanka ba, ban kuma san ƙofar buronka, inda kake zaman aiki, ba. Da na san ta, da ba a bainar jama'a za ka ji wannan magana ba, da na zo na durƙusa na faɗa maka daga ni sai kai. Sunana Tabawa, ni ce ungozomar Tsamiya Uku, ƙauyen da ke bayan Gidan Sori a ƙasar Gidan Rumji. Ban yi lakol ba, ban san karatun boko ba. Mushe, malamin da ke karantar da yaranmu, shi ya riƙe alƙalami, na kuwa ce mashi ya rubuta maganata yadda ta fito daga bakina, kada ya ƙara mata gishiri, kada ya rage.

Ka zo garinmu wata ranar Talata cikin bazarar bara. Ka zauna bisa tabarmar mai gari, an miƙo maka ruwa, ka sha, ka sa albarka. A kan wannan ruwan na rubuto maka.

Na farko. Ruwan da ka sha ba namu ba ne, aro muka yi. Injin foraj ɗinmu, mai jawo ruwa daga ƙasa zuwa famfo, ya mutu tun kaka biyu kafin zuwanka. Shaton, babban tankin ruwan nan da ka hango daga cikin mota, dogo fari tas, babu ko ɗigo a cikinshi, tattabaru ne ke kwana bisa kanshi. Mai gyara ya zo daga Maradi sau ɗaya, ya buɗe, ya ce injin ya ƙone, ya maida murfi ya tafi. Tsohuwar rijiyar kakanninmu kuma mu muka kashe ta da kanmu, ba zan ɓoye ba. Da famfo ya zo muka daina yasarta, shekara ta bi shekara, ta cike da yashi. Da samari suka shiga don su tada ta, gefe ɗaya ya rufto, da ƙyar aka jawo mutum biyu da rai, mai gari ya hana kowa sake shiga. Abin da muke sha yanzu, da damina ruwan tabki ne, mu da shanu. Da rani kuwa ramu muke tonawa cikin yashin gulbi, mace ta zauna da ƙoƙo tana jiran ya tsatso. Kalarshi kamar an wanke tukunyar kunu. Mu jefa alif, mu tace da kallabi, mu yi bisimilla mu sha.

Na biyu. Ga yadda aka yi. Ranar Lahadi saƙo ya iso wa mai gari cewa jibi manyan baƙi na tafe. Ya tara mu, maza da mata, ya ce shi dai yana raye ba za a miƙa wa baƙo ruwan rami a ƙofar gidanshi ba. Wallahi babu wanda ya riga ni cewa gaskiya ne. Ni na miƙe na ɗaure ɗamara, na bi gida gida na tattara bido, jarkokin ɗibar ruwa, na aro amalanke biyar. Litinin tun da sassafe muka kama hanyar Ƙwarin Gawo, inda famfonsu ke aiki, tafiyar da ba a dawowa sai rana ta take. Muka roƙe su arziki, muka ce baƙi za mu yi, suka matsa mana muka ɗiba.

Da muka dawo muka wanke ɗakin shan magani tun daga ƙofa har ɗakin haihuwa. Muka cika randa, muka cika bokitin wanke hannu mai ɗan famfo, wanda rabonshi da ganin ruwa har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Aka yi wa yaran da za su tsaya gaba wanka. Masu gudawa kuwa, waɗanda idonsu ya faɗa, aka ce iyayensu su riƙe su cikin ɗaka har baƙi su tafi, don ba a tarbar baƙo da majinyaci. Da sabon ruwan aka dama fura, ni na dama ta da hannuna.

Mutum ɗaya ce ta hana mu, majon ɗakin shan maganinmu, mai duba marasa lafiya, Malama Rabi, yarinya ƴar Tibiri da aka turo mana. Ta tare ni bakin ƙofa ina ɗauke da bokiti, ta ce, “Inna, ku bar randar nan yadda take, abin da suka zo gani ke nan.” Na dube ta sama da ƙasa na ce ita yarinya ce, karatu ya cinye mata kunya, a gidan da aka haife ni baƙonka annabinka ne. Har na ƙara mata da cewa in a Tibiri haka suke tarbar mutane, to nan ba Tibiri ba ce. Ta kauce ta ba ni hanya. Yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Na uku. Ranka ya daɗe, namu laifin na faɗa, yanzu ka yi haƙuri in faɗi naka. Kun iso bayan azahar, kafin a kira la'asar ƙurar motarku ta kwanta. Ina tsaye na ga ka ɗaga moɗa ka dubi ruwan, ka ce masha Allah, garau da shi. Ka tambayi mai gari yaya ruwa, ya ce alhamdu lillahi. Ka tambaye shi famfo fa, ya ce yana ɗan taɓa ciwo, amma da sauƙi. Mai rubutunka ya duƙa ya rubuta. Ka leƙa ɗakin haihuwa ka ga randa cike, ka yaba wa majo da tsabta, ita kuwa ta buɗe baki za ta yi magana, na zare mata ido ta haɗiye.

To amma kai ba nasara ba ne. Da Hausa ka gaishe mu, Hausa irin ta wanda ya sha ta a nono. Ka san mutumin da ke kwance rai ga Allah in ka ce mashi yaya jiki, da sauƙi zai ce. Yaushe dattijo mai rawani ya taɓa buɗe baki gaban matan garinshi ya ce wa baƙo ƙishirwa na kashe mu? Daga tabarmar da ka zauna zuwa bakin famfo bai fi taku ashirin ba, na auna da ƙafata bayan tafiyarka. Da mutum ɗaya cikinku ya tashi ya murɗa kan famfon nan, da magana ta ƙare tun ranar. Kun zo da mota da takardu da mai ɗaukar hoto, amma babu wanda ya murɗa.

Bayan kaka muka ji an fara aiki a wasu ƙauyuka, ana gyara na gyarawa, ana haƙa sabo inda babu. Ba ma yi masu baƙin ciki, su ma bayin Allah ne. Da mai gari ya aika a tambayo namu, aka ce Tsamiya Uku na cikin garuruwan da ke da ruwa, haka takarda ta nuna. Na hau kabu-kabu da tsufana na tafi Gidan Rumji. Wannan buro ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na ukun ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka mashi, sannan ya ce an rufe lissafin bana, abin da ayari ya gani da idonshi shi ake bi, ba maganar baki ba. Na ce to yaushe ayarin zai dawo? Ya buɗe hannuwa ya ce Allah masani. Na fito na zauna bakin hanya na yi kukana, na share ido na hau na koma gida.

Na huɗu. Bari in gaya maka abin da ake yi cikin ɗakin da ka yaba. Duk macen da naƙuda ta kama, danginta ke biyo ta da ruwan da za a karɓi haihuwa da shi. Me za su kawo in ba na rami ba? Mukan tafasa in akwai itace da lokaci, amma haihuwa ba ta jiran tukunya. Da tsakar rani Zulai, ɗiyar ƙanena, ta haihu a hannuna. Bido ɗaya aka kawo, rabi. Da shi na wanke hannu, da shi aka wanke almakashi, da shi aka gyara uwa da ɗa. Kwana uku zazzaɓi ya rufe ta. Majo ta ba ta abin da ke gare ta, bai sauka ba. Muka ɗora ta bisa amalanke zuwa Gidan Sori, daga can aka ce a wuce da ita Gidan Rumji. Ta cika ana gobe suna. Ragon da aka ɗaure don suna an yanka shi, amma babu wanda ya yi guɗa, masu barka da masu gaisuwar mutuwa tabarma ɗaya suka zauna.

Ni musulma ce, na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma likitan can ya ce ƙazanta ce ta shige ta wajen haihuwa, ni kuwa na san hannun da ya taɓa ta, na san ruwan da ya wanke hannun. Shekara talatin da wani abu ina yanke cibi a garin nan, rabin mutanen da ke gaishe ni a hanya ni na fara ganin fuskarsu. Tun rasuwar Zulai in aka zo kirana sai gabana ya faɗi. Ƙanena bai taɓa ce mani komai ba, kullum sai ya leƙo ya gaishe ni, wannan ya fi yi mani ciwo.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni zama. Autata Habsu ta dawo gida goyon ciki, cikin fari ne, wata bakwai. In Allah ya kai mu, da faɗuwar ruwan farko za ta haihu. Ka san yadda hanyarmu take in gulbi ya kawo, amalanke ba ya ƙetarewa, balle mota. Na so in kai ta Gidan Rumji ta zauna har ta sauka, ba mu da kowa can da zai riƙe ta wata biyu. Mijinta yana ci-rani. Na fara tara mata ruwa, duk wanda ya tafi Ƙwarin Gawo in roƙe shi ya riƙo mani ko rabin bido, in ɓoye ƙarƙashin gado. Amma ruwa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Kwana kaɗan ya canza, ko wani jariri ya kamu da gudawa uwarshi ta zo ta tsaya mani a ƙofa, in rasa bakin hana ta. Ga wankan jego na kwana arba'in safe da yamma yana jira, ban ma san ta inda zan fara ba. Habsu takan dube ni ta yi dariya ta ce ita ba ta jin tsoro tun da innarta ce ungozoma. Ni kuwa tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoro ƙwarai.

Ba ni da wani babba a birni. Ba ni da abin da zan yi maka in ka ƙi. Roƙo ne kawai, don girman Allah.

Ka sa a goge sunan Tsamiya Uku daga cikin masu ruwa. Ƙarya ce, mu muka yi ta, na kuma yarda in maimaita haka gaban duk wanda ka ce. Mai gari ya san na rubuto, bai ce in yi ba, bai ce in bari ba, ya dai juya fuska.

In gyaran inji ya fi ƙarfin bana, a taimaka wa ɗakin haihuwa shi kaɗai, ko da tano biyu, wato duro biyu, na ruwa mai kyau ne duk mako, da maganin da ake jefawa cikin ruwa, kafin gulbi ya raba mu da duniya. Sauranmu mun saba, za mu ci gaba da tacewa.

Kada a ga laifin Malama Rabi. Ta faɗi gaskiya, ni na toshe mata baki, har yau kuma ba ta taɓa ce mani ai na gaya maki ba.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa matan gidanka su sauka lafiya duk lokacin da suka zo haihuwa. Allah ya sa aikin da kake yi ya zame maka sanyi ranar gobe.

Roƙona na ƙarshe, ka dawo ka gani da idonka. Amma don Allah, don Annabi, kada ka aiko da saƙo. Kada ka gaya wa mai gari, kada ka gaya wa kowa, ka faɗo mana kawai da rana tsaka. Na san mutanena, na kuma san kaina. Na binne Zulai, ga Habsu a gabana, amma in aka ce mani gobe kana tafe, wallahi amalanke zan fita nema. Hannuna ba zai iya miƙa maka abin da muke sha ba, sai dai ka ɗauki moɗa ka ɗiba da kanka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Tabawa ungozoma,
Tsamiya Uku, ƙasar Gidan Rumji.