Koren Yadin da Kika Zaɓa

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ba zan tambayi lafiyarki ba, inda kike an wuce wannan tambayar. Na san ba za ki karanta takardar nan ba. Da ma ko da kina raye ba sauraro kike yi ba.

Ga labarin gida. Baba ya daina zuwa gonarsa ta ƙauyen Inkil, gwiwa ta hana shi. Mijinki ya tafi Jos aikin kuza, ya bar mini 'yarki Rifkatu kamar yadda kika roƙa. Keken ɗinkinmu yana nan, na lulluɓe shi da tsohon zane. Ina sa masa mai duk Asabar, amma sai a yi mako biyu ban juya shi ba, don babu mai kawo mini ɗinki. Ainihin dalilin kuwa, daga ni sai ke muka san shi.

Bari in tuna miki. Bara, ana saura wata guda a karɓi mulkin kai, shugabar makarantar 'yan mata ta ba mu ɗinkin siket arba'in, koraye, na yaran da za su yi maci. Tare muka je kasuwa. Ni na ɗaga wani kore mai kauri marar ƙyalli, ke kuma idonki ya faɗa kan mai sheƙi. Na yi abin da Inna ta koya mana tun muna ƙauye: na jiƙa bakin yadin mai sheƙin da yawu, na goga a gefen farin ɗankwalina. Ya fito kore shar, Yaya. Na nuna miki. Kika ture hannuna, kika ce kada in ba ki kunya gaban mai kanti, wai har yanzu ƙauyanci bai sake ni ba. Da muka dawo na roƙe ki mu jiƙa shi a ruwan gishiri kafin mu sa masa almakashi. Kika ce ruwa zai kashe sheƙin, kuma sheƙin ne zai sa a tambayi wa ya ɗinka.

An kuwa tambaya. Ranar bikin yaran suna tsaye a fili tun hantsi, an cusa musu fararen riguna cikin siket, rana tana dukansu. Kafin a zo kansu gumi ya gama aikinsa. Yadin ya zuba. Ƙugun rigunan ya rine, ƙafafu sun rine, wadda ta share fuska da hannu ta koma abin tsoro. Duk Bauchi tana wurin, ana ta dariya. Rifkatu tana layin gaba da 'yar tutarta, tana maci tana kuka.

Da shugabar ta zo gida da yamma, ina bayan labule, na ji ki da kunnena. Kika ce ni kika aika kasuwa don ciki ya yi miki nauyi. Kika ce yarinta ce, a yi mini haƙuri. Har da roƙa mini gafara, Yaya! Ina kika samo wannan ƙarfin halin? Na yi shiru saboda cikinki wata bakwai ne, ƙafafunki a kumbure. Na ce in kin sauka lafiya za ki gyara maganar da bakinki. Ba ki sauka lafiya ba. Kika tafi da jaririn, kika tafi da maganar.

Yanzu ke ce ta kirki. Matan majami'a in sun tuna ki sai su ce hannun Saratu ba a sake irinsa ba. Ni kuwa sunana Ladi mai zuba, har yara sun iya shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In na buɗe baki yau, wa zai yarda? Cewa za a yi na jira ƙasa ta rufe miki ido sannan na ɗora miki laifina.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Rifkatu ce ta tsaya mini a wuya. Ni nake dafa mata, ni nake yi mata kitso, amma ba ta sa abin da na ɗinka. Siket ɗin atamfar nan da kika yi mata na ƙarshe, shi take wankewa ta mayar. Ya hau saman gwiwa, ta warware kalmasar da kanta, ta sake ɗinkewa a karkace. Na yi mata sabo na Kirsimeti, na wanke yadin sau biyu a gabanta don ta ga ba ya zuba. Ta ninke shi ta ajiye mini a kan gado.

Shekaranjiya muna tsince shinkafa ta ɗago ta dube ni da idanunki, ta tambaye ni ko da gaske ni na zaɓo yadin. Kalma ɗaya ce tsakanina da samun yarinyar nan. Na dube ta, na ga abin da ya rage mata naki bai wuce wannan guntun siket ba, sai yardar da ta yi cewa uwarta ba ta kuskure. Na ce mata ni ce. Ta gyaɗa kai, ta janye tiren daga kusa da ni.

To, na yi miki, Yaya. A da ƙaryar taki ce ke kaɗai, yanzu ni ma na sa baki. Ina kewarki, ba zan ɓoye ba, amma ban yafe ba. Fasto ya ce in yi ta addu'a, ina yi, har yanzu shiru.

Ki huta, tunda ke kin samu hutun.

Ƙanwarki,
Ladi