Rabin Ƙwayar Auta

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Auta ya cika wata guda da dawowa daga asibitin masu shaye-shaye. Ya koma shagon kafinta, amma maigidan shagon ya ce in ya sake fashin aiki ko sau ɗaya, ya nemi wani wuri.

Abin da ya dame ni shi ne likita ya ba shi wata ƙwaya da zai riƙa sakawa ƙarƙashin harshe kowace safiya. Wannan wane irin magani ne? An raba shi da kwalbar maganin tari, an haɗa shi da ƙwaya. Mai son barin mugun hali da zuciya yake bari. Mahaifinku rana ɗaya ya jefar da sigari, babu likitan da ya riƙe masa hannu.

Don haka maganin yana aljihun keken ɗinkina. Kwana goma ke nan ina raba shi biyu da reza, in ba shi rabi. Bai yi musu ba. Mako mai zuwa zan mayar da shi kwata.

Ki riƙe salla a kan lokaci.

Mahaifiyarki.

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yara suna gaida kakarsu.

Mama, ki gafarce ni, amma don Allah ki ajiye rezar nan. Ƙwayar ba ta bugar da shi. Ita ce ke kwantar da jikinsa har ya iya riƙe zarto. Likita kaɗai ke rage ta, a hankali, bayan ya duba shi.

Kin ce bai yi musu ba. Yaushe Auta ya taɓa musu da ke? Ni ya kira shekaranjiya. Ƙafafunsa na ciwo, zufa na karyo masa, hannunsa na rawa har ya lalata ƙofar da yake yi wa wani mutum a shago. Ya ce ya tsaya a gaban shagon da yake sayen maganin tari a da, ya daɗe yana kallon ƙofar. Bai shiga ba, Mama. Wannan karon.

Ki kai shi wurin likita gobe, ki faɗa masa gaskiya.

'Yarki mai biyayya.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta zo. Na lura yanzu ke ce mai yi wa uwarki karatu.

Mun je. Da bakina na faɗa wa likitan abin da na yi. Likitan yaro ne da bai girme ki ba. Ya cire tabarau ya ce, "Mama, ke kin iya tarbiyya, ni na iya awo. Mu raba aikin." Ban yi dariya ba, amma Auta ya yi.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa zuciya ce gaba. Sai dai yau da safe na miƙa masa ƙwayar, ya tsaya yana jujjuya ta a tafin hannu.

Ya ce, "Mama, duka?"

Na ce, "Ni ce likita? Saka ka wuce aiki, ka makara."

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.