Ƙwayoyin da Ka Ɓoye a Cikin Gora

Assalamu alaikum, Baban Ummi.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka cika barina in kai aya ba, to yau dai ba ka da bakin katse ni.

Gida lafiya. Ƙaninka Sale ya karɓi jirginka da komarka, kullum yana cikin dam ɗin Tiga, sai dai kifin bai san shi ba tukuna. Ummi ta shiga aji uku. Ni kuma tarin da ya kashe ka ya kama ni. An gwada kakina a asibiti, tibi ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na ga ƙwayoyin. Ina shara na sauke tsohuwar gorarka ta kamun kifi, sai ga su ƙunshe a ciki. Wata shida aka ce ka sha, ka yi biyu ka ajiye. Tari ya lafa, ka ce ka warke. Abokanka na bakin ruwa suka ce jan fitsarin da kake yi jininka ne maganin ke narkarwa, alhali a gabana ma'aikaciyar asibiti ta ce launin magani ne kawai. Me masu saƙar koma suka sani game da huhu? Ga shi ba ka son a gan ka a layin masu tari. Ni kuwa na mayar da gorar na ja bakina, wai kada in zama matar da ke tuhumar miji. Shirun nan yana cina har yau.

Yanzu Inna, mahaifiyarka, ta ce in daina zuwa karɓar magani, wai ana nuna gidanmu, har ta jiƙa min sassaƙe. Na durƙusa na gaishe ta, na fita na hau babur zuwa asibiti. Su yi ta nunawa. Masu nunin ne za su riƙe min Ummi?

Maganin da wuya, ban musa maka ba. Ga tashin zuciya, ga kasala. Wata na biyu na cika jiya, tarin ya lafa, daidai inda ka tsaya. Da safen nan na ji irin ƙarfin da ya ruɗe ka. Na fito tsakar gida na haɗiye ƙwayoyina, kowa yana kallo.

Allah ya jiƙanka, na yafe maka, kai ma ka yafe min. Amma in dai ta wannan tarin ne, da yardar Allah ba na zuwa. Ummi ba za ta rasa mu duka biyu a kan ciwon da ke da magani ba.

Matarka da ta ƙi biyo ka,
Talatu