Rantsuwar da Ba Zan Iya Ba

Mancesta, Ingila
12 ga Fabrairu, 1985

Zuwa ga Raliya, sanyin idona, alkamar da ta fi kowace kore a gonakin Bunkure, ruwan farko da ke shiga gona in an buɗe ƙofa!

Ina fatan kina lafiya. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni. Wasiƙar yayanki Baballe ta iso ranar Litinin ta makon jiya, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ya ce mahaifinku Malam ya fasa ba ni ke, sai in na rantse da Alƙur'ani cewa tun da na zo kwas ɗin nan na ban ruwa ban sha giya ba, ban saye ta ba, ban ɗauke ta ba. Kuma amsa ta iso kafin a yanke alkama.

Bakina ne ya ja mini. Ni na rubuta miki labarin mashayar ina ta nishaɗi, na manta Baballe ke karanta miki boko, a tsakar gida, kowa na ji. Shi ya sa wannan na yi ta da ajami, ki karanta da kanki.

Ki saurare ni, farin watana. Garin nan ba dandali, ba inuwar darbejiya, ba mai ce maka sannu, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Mashaya ita ce majalisarsu. Tsofaffin gidaje ne masu gajeren rufi, wuta na ci a jikin bango, ana sayar da kifi da soyayyen dankali, dattawa na musun ƙwallo, karnukansu kwance a ƙarƙashin tebur. Abokan karatuna huɗu suka riƙa jana cin abincin rana, yau wannan mashaya, gobe waccan. Wallahi lemo kawai nake sha! Amma suna da wata al'ada kamar adashi: bi da bi, kowa zai tashi ya sayo wa teburin gaba ɗaya abin sha. Wata biyu ina shan lemon mutane. Kin san gidanmu, yaushe aka taɓa ciyar da mu muka naɗe hannu? Ran nan zagaye ya zo kaina, suka yi kamar ba su lura ba, kunya ta rufe ni, na miƙe. Na biya, na ɗauko farantin da hannu biyu, kofi huɗu suna kumfa. Sau ɗaya tak. Ni a wautata gani nake na fid da mutanen Kura kunya.

Wayyo Raliya! Kin tuna ranar da na zo buɗe wa gonar Malam ruwa, santsi ya kwashe ni na faɗa magudana, ke kina tsaye da ƙwaryar fura? Kika rufe baki da mayafi, kafaɗunki na rawa, kika ce ma'aikacin da bai iya tsayuwa ba ina zai iya riƙon gida. Ranar na koma Kura jiƙe sharkaf, amma ba wanda ya kai ni farin ciki. Yanzu wannan dariyar za a kai wani gida? Wa zai san ta kamar yadda na san ta?

Baballe, Allah ya saka masa, ya ƙara a ƙasan takardar cewa in rantse kawai, shi zai ce kuskuren karatu ya yi. Kwana uku ina juya maganar. Na yi alwala, na ɗauko Alƙur'anin, na mayar. Ba zan iya ba! Ta yaya zan ɗauko ki da rantsuwar ƙarya, kullum ki miƙo mini buta ina kallon idonki?

Na rubuta wa Malam. Na ce a kan ta farko, wato sha, zan rantse sau dubu, sauran biyun, saye da ɗauka, na aikata, na tuba, kuma ƙafata ba ta sake taka wurin ba. Ki roƙi Inna ta sa baki, ki yi mini addu'a. Ina tsoro, Raliya, ina tsoro ƙwarai, don na san Malam ba ya magana biyu.

Tare zan jefa wasiƙun nan biyu a akwatin gidan waya. Wataƙila a lokacin da kike karanta wannan, shi ma yana zaure yana karanta tasa.

Naki har ƙarshen numfashina, ko an ba ni ko an hana ni,
Maharazu